Tambayi Likita: Sanyi da ƙwaƙwalwa a ɗakin tiyata

Wasiƙu huɗu na ware wannan makon, kuma sanyi ne ya haɗa su. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina aikin sa barci a ɗakin tiyata, ban taɓa ganin tambayoyi a kan zafin jiki sun taru mini haka lokaci guda ba. Na taƙaita su kamar kullum, na cire sunaye. Zan fara da wadda mai ita ya ce kwana uku bai runtsa ba.

Tambaya: Likita, ranki ya daɗe. Mahaifina shekararsa 63. An gano babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciyarsa ta kumbura a daidai inda ta lanƙwasa, an ce sai an yi aiki. Likitan fiɗa ya ce za su sanyaya jikinsa zuwa digiri 18, su tsayar da jini gaba ɗaya kusan rabin awa. Ni dai a makaranta an koya mana ƙwaƙwalwa ba ta wuce minti biyar babu jini. To wannan ba kashe shi za a yi ba? Ni ne babba, ni aka ce in sa hannu a takarda, kuma wallahi hannun ya ƙi.

Amsa: Malam, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi a sa'a. Abin da aka koya maka a makaranta gaskiya ne, sai dai ba a faɗa maka sharaɗinsa ba. Minti biyar ɗin nan lissafin jiki mai ɗumi ne, mai digiri 37.

Ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, wajen kashi 2 cikin 100 na nauyin mutum ke nan. Amma ita kaɗai ke kwashe kusan kashi 15 na jinin da zuciya ke turawa, da kashi 20 na iskar oksijin da jiki ke sha yana hutawa. Jinin da ke ratsa ta kowane minti ya kai mililita 750. Ga ci, ga rashin ajiya. Tsoka tana da ɗan abin da ta ɓoye don ranar wuya, ita kuwa ƙwaƙwalwa hannu baka hannu ƙwarya take. Da an datse mata jini, cikin daƙiƙa 10 mutum ya suma, bayan minti 4 zuwa 5 ƙwayoyinta su fara mutuwa.

Sanyi cin nan yake ragewa. Duk digiri ɗaya da zafin ƙwaƙwalwa ya sauka, buƙatarta ta oksijin da sukari na raguwa da kashi 6 zuwa 7 cikin 100. A digiri 27 ba ta cin ko rabin abin da ta saba. A digiri 18 ta koma wajen kashi ɗaya cikin biyar. Abin da da za ta cinye a minti 5 yanzu zai kai ta minti 25 zuwa 30. Rabin awar da likitan fiɗa ya ambata daga nan ta fito.

Bari in gaya maka abin da za ka gani da a ce za a bar ka ka tsaya a bayana. Bayan an sa Baba barci, za a zura masa siririyar waya ta hanci zuwa bayan maƙogwaro, don nan ne ya fi kusa da gaya mana zafin ƙwaƙwalwa. Wata tana cikin mafitsara. A goshinsa za a manna abubuwa biyu masu karanta oksijin ɗin da ke cikin jinin kai, a fatar kai kuma wayoyin da ke zana motsin wutar ƙwaƙwalwa a allo. Likitan fiɗa ya haɗa shi da injin zuciya da huhu, injin ya karɓi aikin tura jini, mai kula da injin ya fara sanyaya jinin da ke komawa jiki. Ba a gaggawa. Yakan ɗauki rabin awa ko fiye, don sanyin ya ratsa ko'ina cikin kai. In an gangaro ƙasa da digiri 30 zuciya kan daina bugu mai tsari ta koma rawa kawai, kuma ba wanda zai ɗaga kai ya duba, don injin na riƙe da komai. Ni idona na kan zanen wutar ƙwaƙwalwa. Da fari layin na tsalle-tsalle kamar rubutun yaro mai sauri. Can sai ya fara ɗaukewa, ya yi tsit daƙiƙa biyu ko uku, ya sake zabura. Wajen digiri 18 zuwa 20 sai ya miƙe samɓal. A jera ƙanƙara kewaye da kai, likitan fiɗa ya ce a tsayar, a danna agogo.

Ranar da na fara ganin wannan, ina ƙaramar likita, shirun ne ya ba ni tsoro. Ɗakin tiyata ba ya rabuwa da ƙara, ga kukan na'urar bugun zuciya, ga hucin injin numfashi. Duk suka ɗauke. Layin hawan jini ya gangara ƙasa ya kwanta. Na ɗaga fatar idon mutumin na haska, baƙin idon a buɗe, ko gezau. Goshinsa kamar ƙarfen gadon. Duk alamar da aka koya mini ta gane gawa tana gabana, aikina kuma a lokacin kiran minti ne da ƙarfi: biyar, goma, sha biyar. A minti na 24 aka sake kunna injin. Washegari da yamma aka zare masa bututun numfashi a ɗakin kulawa ta musamman, abin da ya fara tambaya shi ne ina tabaransa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A 1950 Wilfred Bigelow, wani likitan fiɗa a Toronto ta ƙasar Kanada, ya nuna cewa in an sanyaya kare zuwa digiri 20 ana iya tsayar masa da jini minti 15 ya tashi. Ranar 2 ga Satumba 1952, a Jami'ar Minesota ta Amurka, John Lewis ya sanyaya wata yarinya 'yar shekara 5 zuwa digiri 28, ya datse jini minti biyar da rabi, ya ɗinke ramin da ke cikin zuciyarta. Da aka gama, a cikin komin shayar da dabbobi cike da ruwan ɗumi aka sa ta don ta dawo daidai. Injin zuciya da huhu bai ci nasara a kan ɗan Adam ba sai 1953, a hannun John Gibbon. Aiki irin na Baba kuwa, na lanƙwasar babbar jijiya, Randall Griepp ne ya bayyana yin sa da sanyi mai tsanani a 1975.

Ba zan ɓoye maka ba, babban aiki ne. Cin ƙwaƙwalwa raguwa yake yi, ba ya tsayawa, shi ya sa muke kiran minti. Yawancin mutane suna jure minti 30 lafiya lau. In aka haura 40, haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ruɗewa bayan aiki yana hawa. Jini mai sanyi ba ya daskarewa da wuri, don haka zubar jini na daga cikin abin da muke fama da shi bayan an ɗumama, ƙoda ma takan ji jiki. Saboda haka ne asibitoci da yawa yanzu ba sa barin kai babu jini gaba ɗaya. Sukan tsaya a digiri 24 zuwa 28, su tsayar da jinin sauran jiki, su sa ɗan bututu ya ci gaba da kai jini mai sanyi zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiyoyin wuya. Ka tambayi likitan fiɗa ko haka za su yi, minti nawa yake sa ran ɗauka, kuma mene ne haɗarin barin jijiyar yadda take. Amsar ta ƙarshen nan ita za ta sa ka gane dalilin da ya sa suka zaɓi aiki, don irin wannan kumburi in ya fashe ba ya ba da lokaci.

Sai abu guda da ban ji daɗinsa ba a wasiƙarka. In Baba yana cikin hayyacinsa, shi ya kamata a zaunar a yi wa bayani, shi ya sa hannu, kana gefensa. Jikinsa ne. Kada ka ɗauki wannan kaya kai kaɗai.

Tambaya: Likita, ina shekarar ƙarshe a karatun jinyar sa barci. Abu biyu sun ɗaure mini kai. An ce furofofol, allurar sa barci, yana rage cin ƙwaƙwalwa da rabi, to me ya sa ba za a ƙara shi kawai a huta da sanyi ba? Na biyu, littafi ya ce jinin da ke zuwa kai yana raguwa a sanyi. Wannan ba yunwa ake jawo wa ƙwaƙwalwar ba?

Amsa: Ɗana, da ɗalibaina duka suna tambaya irin taka da na huta.

Abin da ƙwaƙwalwa ke ci gida biyu yake tafiya. Wajen kashi 60 na hirar da ƙwayoyinta ke yi da juna ne, wutar nan da kake gani tana tsalle a allo. Sauran 40 na riƙe rai ne: ƙananan famfunan da ke bangon kowace ƙwaya suna fitar da sodiyam suna shigo da fotasiyam, gyaran bango, safarar kaya cikin ƙwayar. Farar allurar nan furofofol, da tsohuwar 'yar'uwarta tayofentan, hirar kawai suke kashewa. Da zarar layin ya miƙe, sun gama abin da za su iya. Ka ƙara ninki biyu, cin ƙwaƙwalwa ba zai ƙara sauka ba, hawan jinin majiyyacinka ne zai faɗi. Sanyi kuwa gida biyun yake shiga, kuma ko bayan layin ya kwanta yana ci gaba da ragewa. Yana da wata riba ta daban ma: ƙwayar da ta rasa jini takan zubar da wani sinadari, gulutamet, mai yawa wanda ke ƙona maƙwabtanta, sanyi yana rage wannan zubar.

Ka kula da lissafin kashi 6 zuwa 7 ɗin nan, nan ɗalibai suke faɗuwa a jarrabawa. Ba tarawa ake yi ba. Da tarawa ne, da a digiri 22 ƙwaƙwalwa ta daina ci kwata-kwata. Kowane digiri yana ɗebe kasonsa ne daga abin da ya rage. Za ka kuma ga wasu littattafai sun ce a digiri 18 cin bai kai kashi 10 ba. Awon dabbobi ne. Da aka auna a manyan mutane a kan teburin aiki, abin da aka samu ya fi haka, wajen kashi 24 a digiri 20 da kashi 16 a digiri 15. Ni da na mutane nake aiki, don ya fi sa ni kallon agogo.

Tambayarka ta biyu. A ƙwaƙwalwa mai lafiya, jini yana bin buƙata ne. Inda aiki ya ƙaru jijiyoyi su buɗe, inda ya ragu su tsuke. In sanyi ya rage ci da rabi, jini ya ragu da kusan rabi, babu wanda aka cuta. Shaidar tana cikin jinin da ke fitowa daga kai ta jijiyar wuya: a sanyi yakan dawo ja wur da ragowar oksijin a cikinsa. Sai dai kada wannan ja ya ruɗe ka gaba ɗaya, don jan ƙwayar jini a sanyi tana ƙanƙame oksijin, ba ta sakin sa da sauƙi. Jinin kuma yana ƙara kauri kamar man inji, shi ya sa ake sirka shi da ruwa a cikin injin zuciya.

Magungunanmu ma suna da hannu a nan. Furofofol yana sauke ci da jini tare. Iskar da muke shaƙa wa mutum, irin su isofuluren da sebofuluren, tana rage ci amma tana buɗe jijiya, don haka in ka zarce da ita jinin kai ƙaruwa yake yi. Ketamin yana ɗaga duka biyun. Kuma duk digiri ɗaya na sanyi yana rage buƙatar iskar barci da wajen kashi 5, wanda ya manta da wannan zai ba majiyyaci fiye da ƙima.

Inda gizo ke saƙar shi ne iskar kabon. Ita ce babbar mai juya jijiyoyin kai: duk lamba ɗaya da awonta a jini ya hau ko ya sauka, jinin ƙwaƙwalwa ya bi ta da kashi 2 zuwa 4. Jini mai sanyi yana narkar da iska fiye da mai ɗumi. Jinin da ke nuna kabon 40 a digiri 37, in ka sauke shi zuwa 27 zai koma wajen 25, ba tare da ka cire masa komai ba. Na'urar auna iskar jini kuma, in ka tura mata sirinji, sai ta ɗumama jinin zuwa 37 kafin ta karanta. To wace lamba za ka bi, ta na'ura ko ta jikin da ke kwance? Masu hanyar alfa-sitat sun ce a bi ta na'ura, kada a ƙara komai. Da haka ƙwaƙwalwa ke ci gaba da daidaita jininta da kanta. Masu hanyar pH-sitat sun ce a gyara lamba zuwa zafin jiki na gaskiya, a ƙara kabon a cikin injin. Jijiyoyi su buɗe, jini ya kwarara fiye da buƙata, kai ya yi sanyi da wuri kuma bai ɗaya. A jarirai wannan riba ce, shi ya sa ake yawan bin ta a aikinsu. A dattijo mai jijiya cike da dattin kitse, ƙarin jini yana nufin ƙarin ɓarɓashin da zai iya tafiya kai ya toshe, sai aka fi son alfa-sitat.

In ka tambaye ni lokacin da na fi tsoro a duk aikin, lokacin ɗumamawa ne. Cin ƙwaƙwalwa yakan riga jini farkawa, sai ka ga lambar oksijin da ake karantawa a goshi tana gangarowa alhali kowa ya fara sakin jiki. Shi ya sa jinin da ke fita daga injin ba a bari ya wuce digiri 37, tazarar zafinsa da na jinin da ke dawowa daga jiki kada ta haura digiri 10, don kada iska ta yi kumfa a cikinsa. Likitan fiɗa ya gaji, yana son a sauka daga injin, zai ce a ɗan ƙara wuta. Ka koyi cewa a'a cikin ladabi. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambaya: Likita, wata biyu da suka wuce aka cire mini ƙari a mahaifa. Da na farka jikina sai karkarwa, haƙorana suna haɗuwa, nas ta ce zafin jikina ya sauka zuwa 35. Tun daga lokacin nake yawan mantuwa. Sanyin ne ya taɓa mini ƙwaƙwalwa? Wata ƙawata kuma ta ce ai sanyi kare ƙwaƙwalwa yake yi, da gangan ake sa shi.

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da jiki. Digiri 35 ba ya lalata ƙwaƙwalwa, ki kwantar da hankalinki ta nan. Mantuwa bayan babban aiki ta fi zuwa daga ƙarancin jini, rashin barci, ciwo, magungunan kashe ciwo da damuwa, kuma takan washe a hankali. Tunda ta kai wata biyu, ki koma a auna miki jini a duba ki.

Ƙawarki ta ji rabin magana. Sanyin da ya same ki ba wanda ya gayyace shi. Jikin mai lafiya yana tsare zafinsa cikin tazarar da ba ta kai rabin digiri ba. Maganin barci yana sa mai gadin nan gyangyaɗi, sai zafi ya sauka digiri 2 ko fiye kafin jiki ya motsa. Yana kuma buɗe jijiyoyin fata, jinin ciki mai ɗumi ya kwarara zuwa hannu da ƙafa masu sanyi ya dawo a sanyaye. Cikin awa ta farko kaɗai mutum kan rasa digiri 1 zuwa ɗaya da rabi. Ga ɗaki mai sanyi, ga ciki a buɗe, ga ƙarin ruwa, wanda kowace lita in ba a ɗumama ta ba tana ɗebe wajen rubu'in digiri.

An gwada ko irin wannan ɗan sanyi zai amfani ƙwaƙwalwa. Fatan ya samo asali daga Mayami ta Amurka a 1987, inda Raul Busto da abokan aikinsa suka ga saukar digiri 2 zuwa 3 kacal yana kare ƙwaƙwalwar ɓera daga datsewar jini. Likitoci suka yi ta sanyaya masu aikin kai. Sai a 2005 aka fitar da gwaji a kan mutum 1,001 da aka yi wa aikin jijiyar kai da ta fashe, rabi a digiri 33, rabi a 36.5. Waɗanda suka warke sarai kashi 66 ne da 63, bambancin da bai kai a kafa hujja da shi ba, ƙwayoyin cuta a jini kuma sun fi yawa a ɓangaren sanyi. Ɓera daban, mutum daban.

Ɓarnar ɗan sanyi a wasu wurare take. Jini ya fi zuba. Ciwo ya fi ruɓewa: a gwajin 1996 na mutum 200 masu aikin hanji, kashi 19 na waɗanda aka bari a sanyaye ciwonsu ya kama ƙwayar cuta, kashi 6 na waɗanda aka ɗumama. Hanta kuma tana jan ƙafa wajen narkar da magani. Allurar bekuroniyam mai sakin tsoka takan ninka lokacinta in zafi ya sauka digiri 2.

Wannan na ƙarshen a jikina na koye shi. Ina sabuwar shiga aka yi wa wani dattijo aikin ciki na awa huɗu. Na yi ta ƙara masa ruwa yadda aka ɗauko shi daga kanta, ban sa ma'aunin zafi ba. Aka gama ɗinki, na kashe iskar barci, na ba da maganin warware tsoka. Minti 20, minti 30, numfashinsa sama-sama, ido a rufe. Na fara lissafin ko ɓarin jiki ne ya shanye a hannuna. Wata tsohuwar nas ta zo ta ɗora bayan hannunta a ƙirjinsa, ta ce, "Likita, wannan ai a sanyaye yake." Muka auna, 33.9. Muka bar shi a injin numfashi, muka lulluɓe shi, muka ɗumama ruwan. Bayan awa biyu ya buɗe ido yana ƙoƙarin cire bututu da hannunsa. Tun ranar, duk aikin da zai wuce rabin awa sai na sa ma'auni.

Karkarwar da kika yi jiki ne ke biyan bashi da maganin ya sake shi. Ba ma son ta, don tana ja wa zuciya ƙarin aiki, tana kuma fama ɗinki. Ƙaramar allurar fetidin tana tsayar da ita cikin minti kaɗan. Ni ma an taɓa yi mini aiki na sha ta, kuma na tabbatar wanzami ba ya son jarfa. In wani aikin ya sake kamawa, Allah ya kiyaye, ki gaya wa likitan barci tun a ɗakin kwanciya. A lulluɓe ki da bargo mai hura iska mai ɗumi rabin awa kafin a shiga, a ɗumama ruwan da za a ƙara miki, a riƙe ki a 36 ko sama.

Tambaya: Likita, na ji ana sanyaya wanda zuciyarsa ta tsaya, da jaririn da ya sha wuya wajen haihuwa. In mutum ya yanke jiki ya faɗi a gabanmu, mu zuba masa ƙanƙara kafin a kai shi asibiti?

Amsa: A'a, Malam. In ba ya amsawa kuma ba ya numfashi yadda ya kamata, ka sa wani ya kira taimako, kai kuma ka ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa ka yi ta dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti. Duk daƙiƙar da ka ɓata wajen neman ƙanƙara daga ƙwaƙwalwarsa ka ɗebe ta. Wanda zafin rana ya kayar, jikinsa kamar wuta yana sambatu, shi ne ake jiƙa da ruwan sanyi nan take, wannan kuma wata cuta ce daban.

Sanyaya wanda zuciyarsa ta dawo aikin ɗakin kulawa ta musamman ne, da maganin barci da na hana karkarwa. Gwaji biyu na 2002, ɗaya a Turai ɗaya a Ostireliya, sun nuna amfanin digiri 32 zuwa 34. Manyan gwaje-gwaje na 2013 da 2021 ba su ga digiri 33 ya fi riƙe jiki kusa da ɗuminsa na kullum ba, sai hankali ya koma kan hana zazzaɓi. Jaririn da ya rasa iska wajen haihuwa ana riƙe shi a digiri 33.5 na awa 72, a fara cikin awa 6 na farko, kuma a ƙasashe masu cikakken kayan kula da jarirai ya rage mutuwa da naƙasa. Amma da aka gwada a Indiya, Siri Lanka da Bangaladash, sakamakon 2021 ya nuna mutuwa ta fi yawa a jariran da aka sanyaya, kashi 42 da 31. Garin neman gira ana iya rasa ido. Kada kowa ya gwada wannan a gida.

Abin da ya bambanta waɗannan da aikin Baban mai wasiƙar farko shi ne wanda ya riga zuwa. A can sanyi ne ya fara isa, sannan jini ya tsaya. A nan ɓarnar ta riga ta auku, sanyi yana bin baya. Ga misalin inda sanyi ya riga zuwa: a watan Mayu 1999 wata likita 'yar Suwidin, Anna Bågenholm, tana wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara kusa da Narvik a ƙasar Norwe, ta faɗa rafi ta maƙale a ƙarƙashin ƙanƙara minti 80. Ta samu ɗan sarari tana shaƙar iska wajen minti 40, ruwan yana ta sanyaya ta, kafin zuciyarta ta tsaya. Abokan tafiyarta likitoci ne, suka fara danna ƙirji da fito da ita, aka ci gaba har cikin jirgi mai saukar ungulu. A asibitin jami'a na Tromso zafin jikinta ya nuna digiri 13.7. Aka haɗa ta da injin zuciya da huhu, aka ɗumama ta sannu a hankali, zuciyar ta kama. Jijiyoyin hannu da ƙafarta sun daɗe kafin su warke, amma ƙwaƙwalwarta ta tsira. Daga baya a wannan asibitin ta kama aikin likitar hoto.